Ranar da Na Haɗa Baba da Alhaji Tanimu a Kwano Uku

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko mahaifina da kaina na kai shi jami'a don ya ga ɗaukakata ba. Har manyan kaya na sa ya saka.

Amma bari in fara da Sagiru, domin shi ne tushen ciwon. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Mandawari. Tare muka yi firamare, tare muka yi sakandare, tare kuma muka faɗa sashen lissafi. Duk tsawon shekarun nan shi ne na ɗaya, ni ne na biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba shi da girman kai ko kaɗan. Da yana hura hanci da na samu dalilin ƙin sa, in huta. Sai ya zama mutumin kirki, ya bar ni da hassadata ba inda zan jingina ta.

A shekararmu ta ƙarshe, ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba, aka kawo wa sashenmu kwamfutoci huɗu. Farfesan da ke duba aikinmu ya ce gurbin mataimakin malami ɗaya ne, kuma wanda aikinsa ya fi kyau tsakanina da Sagiru shi zai riƙe. Ya ba mu aiki iri ɗaya: mu rubuta manhajar da za ta riƙa gina wani tsari na ɗigo da layuka, inda kowane ɗigo biyu layi ɗaya tak ne ke ratsa su.

Na yi mako uku ina haddar ma'anar abin. Sagiru kuwa ya miƙe a aji ya bayyana shi da ciyayya, wato yadda magidantan unguwarmu ke fito da kwanukansu ƙofar gida su ci tare. Ya ce, "A ɗauka magidanta bakwai ne. Kowa zai karɓi baƙi biyu sau ɗaya, su ci su uku. Sharaɗin shi ne duk mutum biyun da ka ɗauka, sai sun haɗu a kwano sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Mutanen su ne ɗigo, kwanukan su ne layuka. Baƙi biyu, shi ne mataki na biyu."

Farfesa ya buga tebur ya ce, "Madalla! Ka ji wanda ya fahimta." (Ni ma a ƙofar gida nake cin tuwo tun ina yaro, amma tuwon kawai nake gani.)

Cikin wata guda manhajar Sagiru ta fitar da mataki na biyu, da na uku mai mutum goma sha uku, da na biyar, da na bakwai. Tawa kuwa ko gaisuwa ba ta iya amsawa. Da ya ga na rame, sai ya zaro faifan fulofi mai ɗauke da manhajarsa daga aljihu ya miƙa mini. "Ka duba yadda na bi, ƙila ya buɗe maka hanya." Na karɓa ina godiya a baki, a zuci ina cewa wato har sadaka yake ba ni.

Ina dubawa sai na ga giɓi. Ya tsallake huɗu, ya tsallake shida. Na huɗu ya rubuta a gefe cewa yana buƙatar wani irin lissafi dabam, yana kan aikinsa. Na shida bai ce komai ba. Murna ta kama ni. Na ce yau Allah ya nuna mini abin da ya gagari Sagiru.

Na buɗe manhajar tasa, na goge biyar na sa shida, na danna. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, sai ta rubuto kalma ɗaya: KUSKURE. Na sake, ta sake. Na bi manhajar layi-layi har na gano wasu layuka a can ƙarshe waɗanda aikinsu kawai su ɗauki mutane biyu-biyu su duba ko sharaɗin ya cika. Su ne masu yi mini ihu. Mai hankali zai tsaya ya tambayi dalili. Ni abin da zuciyata ta raya mini shi ne tarko ne Sagiru ya ɗana don kada wani ya wuce shi. Na goge su tas.

Ai kuwa sai ga aiki ya fito. Mutum arba'in da uku, kwano arba'in da uku, kowane kwano mutum bakwai, a jere gwanin kyau. Don in ƙwace masa har misalin nasa, na cire lambobi na zuba sunayen magidantan unguwarmu na gaske. Baba na sa a lamba ta ɗaya, sauran kuma yadda suka zo mini a ka. Firinta ta yi ta ƙara tana fitar da takardu ina jin ta kamar algaita.

Labari ya kai kunnen Sagiru, domin bakina bai rufu ba. Sau biyu yana sallama a zaurenmu. Na farko na ce a ce ba na nan. Na biyu ya ritsa ni ina wanke babur.

"Abokina, shidan nan fa babu shi. Ba wai ya gagare ni ba ne, masana sun tabbatar tun kafin a haife mu cewa ba zai ginu ba. Ka zo in nuna maka a littafi."

Na ce, "To ni ga shi a takarda. Ko takardar ma masana sun hana ta fitowa?"

Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Ka bar layukan dubawar nan dai ko?"

"Kai dai ka zo ranar Laraba."

Ranar Laraba, ranar gabatar da ayyukanmu, ɗakin taro ya cika da malamai da ɗalibai. Baba na zaune a sahun gaba. Ya yi shekara talatin yana koyarwa a firamare kafin ya yi ritaya, kuma har yau jan biro ba ya barin aljihunsa. Ko takardar gayyatar ɗaurin aure ka ba shi sai ya duba maka ita. Na manta da wannan halin nasa lokacin da nake raba takardu, har na ba shi kwafi na farko.

Sagiru ya yi nasa a natse ya zauna. Ni na miƙe na gyara hula na ce na cike giɓin da wasu suka kasa cikewa (na kuwa ja kalmar "wasu" yadda kowa zai san inda ta dosa). Na ga Farfesa ya cire tabarau ya buɗe baki zai yi magana, sai ga hannun Baba a sama.

"Malam Farfesa, a yi mini afuwa, ni ba ɗan lissafi ba ne. Amma yaron nan ya ce kowa da kowa sau ɗaya za su haɗu?"

Farfesa ya ce, "Haka ne, Baba."

"To ni dai na ga kaina da Alhaji Tanimu a nan. Ga mu kuma a nan. Ga mu a nan, sau uku ke nan." Yana faɗa yana zagaye sunayen da ja. "Mutumin da shekara biyu ba ma ga-maciji saboda rigimar kwata, shi ka ɗaure ni da shi? Malam Sule kuma, aminina, na duba daga farko har ƙarshe, ko loma ɗaya ba mu haɗa ba."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Farfesa ya bari aka lafa, sannan ya yi bayani a hankali cewa hanyar Sagiru tana aiki ne da lambobin da ba sa rabuwa, irin biyar da bakwai. Shida kuwa biyu sau uku ce, shi ya sa wasu ke ta cin karo wasu kuma ba sa haɗuwa. Ya ƙara da cewa ko wace hanya aka bi, mataki na shida babu shi. Sai ya juyo gare ni.

"Manhajar ba ta gargaɗe ka ba?"

Da na yi shiru da ya fi. Sai na ji bakina ya ce, "Ta yi, ranka ya daɗe. Na goge wajen."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Sagiru ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi abin kunyar.

A hanyar gida na goyo Baba a babur har muka shigo Ƙofar Na'isa. A nan ya ɗan matso kusa da kunnena ya ce, "Sagiru sau biyu ya zo gida, ina ji. Na'ura ta ce bari, aboki ya ce bari. Sai ka zaɓi ka ji hoho daga bakin ubanka."

Sagiru ya samu gurbin, ba sai na faɗa ba. Shi ya zauna da ni mako biyu muka gyara aikina na samu na fita. Yau Dakta ne, ni kuma ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ba zan yi ƙarya ba, har yanzu idan aka yabe shi a gabana sai wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji. Abin da na koya dai shi ne in na ga abin da ya gagari Sagiru, in fara tambaya ko akwai shi a duniya. Takardar nan mai zagaye uku na jan biro tana nan a akwatin Baba. Duk sanda na fara cika baki a ƙofar gida, sai kawai ya tambaye ni ko yau ma da Alhaji Tanimu zai ci.