Littafin Malam Haladu

Akwai wani Malam Haladu, mai kula da injin casar shinkafa a wani kamfani, da tifa ta kwashe shi a kan mashin a hanyar Gusau. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙwaƙwalwar ta bugu: sai ya ci tuwo ya wanke hannu, ya juya ya tambayi iyalinsa ko yau ba a girki ne. Aka haɗa shi da mutum bakwai masu irin larurarsa, duk Laraba su zauna a da'ira a asibiti, wani matashin likita mai suna Nazifi yana koya musu dabarun tuna abu. Shi kuwa Nazifin nan, ga ilimi ga iyayi, kullum karatunsa ɗaya: "Duk abin da aka faɗa muku, ku rubuta a littafi, har da kwanan wata!" Haladu ya riƙe wannan kam-kam, don kamfani ya ce in wata ya ƙare bai kawo takardar likita ba, an ba wani injinsa. Mutum tara ke ci daga aikin nan.

Ran wata Laraba likita ya karanto sunayen abubuwa goma, ya ce kowa ya maimaita. Haladu ya jero tara tiryan-tiryan, ya cije a na goma.

Likita ya tafa hannu ya ce, "Haba, Malam Haladu! Buta ce fa! Buta ta gagare ka? Da wannan kan za ka koma gaban inji?"

Kunya ta kama Haladu, haushi ya biyo bayanta. Ya zaro ɗan littafinsa, ya lashi yatsa, ya buɗe.

"Likita, uku ga wata ka ce na ci gwaji, takardata sai mako mai zuwa. Goma ga wata ka ce ka baro ta a mota. Sha bakwai ka ce tana aljihun ɗaya rigar. Yau ashirin da huɗu."

Likita ya dafa aljihun dama, ya dafa na hagu, ya yi yaƙe. "Kash! Wallahi na sha'afa. Ka san mantuwa, Malam, kowa yana yi."

Haladu ya rufe littafi a hankali ya ce, "Haka ne, Likita. Ni dai tifa ce ta buge ni, da shaidu. Kai fa, wace mota ce?"