Yadda Bilyamin Ya Keɓe Karsanar Zuciyarsa

"Ni fa ba a baza ni a kasuwa kamar tumatir. Littafina sai an yi layi, an cire takalmi, sannan a shiga a karanta."

Wannan maganar Bilyamin ce, mai shagon kayan wuta a unguwar Yerimaram cikin Potiskum, wanda ya raɗa wa kansa suna Alƙalamin Yobe tun kafin ya gama babi na biyu. Idan ka taɓa sayen ƙwan fitila a wurinsa, abokina, to ka san halin: ƙwai ɗaya za ka saya, ya ɗora maka gyaran lacca ta rabin awa. Shekara biyu gogan naka ya yi yana danna waya, har ya haɗa littafin soyayya shafi ɗari huɗu, ya sa masa suna Karsanar Zuciyata.

Da ya gama, sai ya hau keke napep ya nufi Bolewa wurin ƙanwarsa Rauda. Ita Rauda littafi shida ta rubuta, mata na saye a waya har daga Nijar, amma ba za ka taɓa jin wannan a bakinta ba. Ya ce shawara ya zo nema. A gaskiya kunne ya zo nema.

Ta ce, "Ya Bilya, hanya biyu ce. Ko ka ba manhaja ɗaya ita kaɗai na wata uku, su sa ka a shafin farko, su ƙara maka kaso, amma ba ka da ikon sa littafin ko'ina, ko da a WhatsApp ne. Ko kuma ka baza shi duk inda mai karatu yake. Ni bazawa nake yi. Tunda ba a san ka ba tukuna, ina ganin..."

"Ba a san wa ba?"

"Ina nufin a wajen rubutu."

"Shi ya sa har yau kike nan inda kike. Bazawa ta ƙananan marubuta ce. Mu manya keɓe mu ake yi, kamar ɗakin sanyi a asibiti."

A ranar ya shiga wata manhaja mai suna Kwandon Labari, ya danna "Na yarda" ba tare da ya karanta ko layi ɗaya ba, ya ɗora fayil, ya sa hotonsa da tabarau a sitatus: KEƁANTACCEN MARUBUCI. Sai bayan kwana biyu, da kasuwa ta yi sanyi a shago, ya zauna ya duba abin da ya yarda da shi. Sharaɗi na huɗu ya ce duk wanda aka ga littafinsa yana yawo a wani wuri, za a sauke littafin, a rufe asusunsa, a kuma sanar da sauran marubuta dalili.

Nan Sarkin Cika Baki ya dafe kai. Domin tun wata guda da ya wuce ya tura cikakken littafin ga mutum arba'in da uku, wai su ba shi gyara, wato su yabe shi.

Ya ce a ransa, "Yanzu haka garin nan babu wanda ke barci saboda littafin nan. Raba su da shi zai yi wuya, amma dole."

Ya fara goge saƙonnin daga ɓangarensa, sannan ya rufe shago ya shiga gari gida-gida. Da amininsa Muhammadu Lawan ya fara, malamin firamare a Yindiski, wanda ya taɓa rantse masa cewa babi na bakwai ya sa shi kuka.

"Malam Lawan, ka yi haƙuri, na san abin zai yi maka ciwo. Kawo wayarka in goge Karsana."

Malam Lawan ya miƙo waya yana kallon rufin ɗaki. Bilyamin ya buɗe hirarsu, sai ga fayil nan da 'yar kibiyarsa a kai, ko sauke shi ba a yi ba.

"Malam Lawan, ba ka ma buɗe ba."

"Data ce ta yi tsada, mutumina."

"To kukan babi na bakwai fa?"

"Na ji a jikina ne cewa idan na karanta zan yi."

Daga nan sai gidan gwaggonsa Hajja Amatullah, wadda ta ce masa littafin ya fi zuma. Ta ce, "Wanne? Au, wancan mai nauyin? Ai a ranar na sa aka goge mini, wayar ta cika, ga bidiyon sunan jikata ba wurin ajewa. Amma hoton saniyar nan na bango ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka."

Haka ya yi ta yi kwana biyar. Wani ya sayar da wayar, wani ya ɗauka ƙwayar cuta ce aka turo masa, wani ya tambaye shi ko dai wani Bilyamin ɗin ne ya rubuta littafi. Mutum arba'in da biyu, babu wanda ya wuce bango. Ka ɗauka jikin gogan zai yi sanyi? Ina. Da Rauda ta kira ta tambayi yadda ake ciki, cewa ya yi, "Nauyin ilimin ne ya tsorata su. Ba kowane ciki ke ɗaukar abinci mai maiƙo ba."

Saura mutum ɗaya: Hammawa, dillalin shanu, wanda ke sayen batirin tocila a shagonsa. Ya same shi yana shan shayi a bakin hanya.

"Littafin karsana? Ai na buɗe."

Bilyamin ya gyara tsayuwa, ya gyara hula. "Na san za a samu mai hankali a garin nan."

"Na ga an ce karsana, ga hoto mai kyau, na ce wannan na 'yan kasuwa ne. Na tura zauren dillalai na WhatsApp."

"Mutum nawa ne a zauren?"

"Ba yawa. Ɗari shida da wani abu. Akwai na Legas, akwai na Kamaru."

Mutumin da ya ce ba a baza shi, ga shi an baza shi har ƙetaren iyaka, kuma kyauta.

Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, sai ga Alƙalamin Yobe a tsakiyar kara da farar shadda da takalmi sau-ciki, yana tsallake kashin shanu kamar mai rawa. Ya ari lasifika a wurin mai tallan maganin tsutsar dabbobi, ya hau bayan wata tirela da ake shirin yi wa lodi.

"Jama'a, ni ne marubucin Karsanar Zuciyata."

Dillalai suka taru. Wani dattijo mai malfa ya ɗaga sanda. "Kai ne mai ita? Mun duba har shafi goma, ba mu ga shekarunta ba. Ta taɓa haihuwa?"

"Baba, ba saniya ba ce. Budurwa ce."

"To me ya kawo ta zauren shanu?"

Wani daga baya ya ce, "Ya faɗi farashi kawai, rana na yi."

Da ƙyar Bilyamin ya fahimtar da su cewa babu abin sayarwa, gogewa kawai yake roƙo. Da yawansu suka ce ba su iya ba, yaransu ke yi musu. Nan fa ciwon lacca ya motsa. Ya ɗaga wayarsa sama yadda kowa zai gani, yana faɗa yana dannawa.

"Ku kalle ni da kyau, sau ɗaya zan nuna. Ku nemo fayil. Ku danna ku riƙe. Ku goge. Idan ta tambaye ku ko kun tabbata, ku ce kun tabbata. Sannan ku shiga kwandon shara ku sake gogewa, kada ku bar ko ƙamshinsa. Kun ga? Haka ƙwararru ke yi."

Aka yi ta dannawa. Hammawa, da yake shi ne shugaban zauren, ya goge wa kowa, ya kuma yi saƙon murya da Hausa da Fulatanci cewa duk wanda ya ajiye littafin nan bai kyauta wa marayan Allah ba. Bilyamin ba maraya ba ne, amma ya bar shi a haka.

Washegari ya tafi gidan Rauda takanas, ya zauna a kujerar mai gida, ya kira ofishin Kwandon Labari ya sa a lasifikar waya don ta ji da kunnenta.

"Alƙalamin Yobe ke magana. Ina sanar da ku cewa na tsabtace duniya. Daga Potiskum har Kamaru babu kwafi ɗaya da ya rage. Ku ci gaba da sayarwa hankali kwance."

Wata mai sanyin murya ta ce sunanta Ummul-Khair, ta ce ya ɗan jira. Aka ji tana danne-danne.

"Malam Bilyamin, sau uku muna tura maka saƙo ba ka amsa ba. Ba mu fara sayarwa ba ai. Abin da ka ɗora mana ba littafi ba ne, jerin kayan shago ne. Soket, ƙwan fitila, wayar wuta. Ka turo mana ainihin littafin kafin Juma'a ta sama."

"Ƙaramin abu. Yanzun nan."

Ya shiga waya. Ya fita. Ya sake shiga. Ya buɗe kwandon shara, ya same shi fes, yadda ƙwararru ke barin sa. Shekara biyu, shafi ɗari huɗu, kuma bai taɓa ajiye shi a wani wuri ba don gudun ɓarayin fasaha.

Ya juya a hankali. "Rauda, ƙanwata ta kaina. Ke ba ki da shi?"

"Ni kaɗai ce ba ka tura wa ba, Ya Bilya. Ka ce zan kwaikwayi salonka."

Larabar da ta zagayo, sai ga shi kuma a kara, wannan karon da silifas. Ya sake aron lasifikar, ya sake hawa tirela, murya ta dushe.

"Jama'a, don girman Allah, ko akwai wanda bai bi maganata ba makon jiya? Ko mutum ɗaya. Ba zan yi fushi ba. Har tukuici zan ba shi."

Dillalai suka dubi juna, kowa ya girgiza kai. Hammawa ya matso, ya dafa ƙafarsa cikin alfahari.

"Ka kwantar da hankalinka, Malam. Shekara talatin ina kasuwar nan, ko a kan farashin akuya ba mu taɓa haɗa baki ba. Amma goge littafinka, wallahi ko mutum ɗaya bai yi gardama ba."