Waya Ta Ce Ba Ta San Kaka Ba

"Lafiya lau nake, kafin in ga fuskarka da sassafe," in ji Kaka Tela, yana amsa gaisuwar jikansa Dogo.

Shagona na jikin na Kaka, komai a kan idona aka yi. Ranar tsohon sai rawar ƙafa yake, don keken ɗinkin da ya daɗe yana mafarki ga shi an sauke a ƙofar shago, sai ƙyalli yake. Mai keken ya ce in kuɗi ba su shigo wayarsa ba, akwai wani mai saye yana jira. Ita kuma manhajar banki ta kafe, wai sai ta ga fuskar mai asusu za ta buɗe.

"Kai Dogo, zo ka duba min 'yar banzar nan. Tun ɗazu take cewa in ƙifta ido."

"To ka ƙifta mana."

"Na ƙifta har na yi ƙwalla! Ni da ko kakarka ban taɓa kashe wa ido ba."

"Shi ya sa ta ce ni take so."

"Da wannan wuyan naka kamar mariƙin lema?"

"Yanzu ta ce ka yi murmushi."

Kaka ya washe baki iya ƙarfinsa. Waya ta yi ja, ta ƙi buɗewa.

"Ta nemi haƙora ta rasa! Kaka, su kuma a wane banki ka ajiye su?"

"Wurin tauna wa ubanka nama suka ƙare, marar kunya."

"Gaskiya dai ita ce, fuskar nan ko waya tsoronta take ji."

Mai keke ya fara ɗaure igiya. "Baba, ni fa zan wuce."

Wallahi sai tsohon ya ba ni tausayi. Gumi ya jiƙa masa hula, kuɗinsa ne halak malak amma an hana shi taɓawa.

"Ɗana, dakata don Allah," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa.

Dogo ya fizge wayar. "Kawo in goge mata ido, ka firgita ta." Yana ɗaga ta saitin fuskarsa, sai ga ta a buɗe!

Kai, ranar na ga tsalle! Kaka ya danna lambobinsa, wayar mai keke ta yi ƙara, tsoho ya rungume keke yana kabbara. Can sai ya tsaya cak.

"Tsaya. Fuskar wa ta gani?"

"Tawa."

"Ta ce wane ne?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Ta ce kai ne."

"Alhamdu lillahi! Ashe duk munin nan a madubi kake ganinsa!" Ya yi dariya har da tari, sannan ya ɓata rai. "To ai ban ga ta zama ba. Jikokina kaf da wannan hancin suka zo duniya. Kowane ɓarawo a cikinku ya leƙa, ta ce masa sannu da zuwa? Yau zan kwashe kuɗina, ka goge min manhajar."

"Kaka, zamani fa..."

"Zamanin ya bi ka. In an goge, ka riƙe wayar, tunda kai ta zaɓa."

Dogo ya cafe ta yana dariya. "Na sallama, Kaka. Munin na gado ne."