Shel Tafi-da-gidanka da Kek ɗin Kuskure

Duk wanda ya taɓa aiki a hawa na uku na tsohon gidan ajiyar hatsin nan da ke bakin ruwa a Aarhus ya san Allah ya yi wa Asger Bundgaard baiwa, ya kuma ƙara masa da baiwar sanar da jama'a. A garin da mutum zai sayi sabuwar mota ya ɓoye ta a bayan gida don kada maƙwabta su ce ya ɗauki kansa wani abu, Asger ya taso da irin nasa ƙarfin halin. Takardar ɗaukarsa aiki ta ce mai rubuta manhaja ne kamar kowa. Shi kuwa a ƙasan kowane saƙonsa yakan sa "Babban Maginin Tsare-tsare", muƙamin da ya naɗa wa kansa wata rana bayan ya ƙoshi da burodin hatsi da kifi. Abokan aiki suna kiransa Ba-Ya-Kuskure. Da sunan ya zo kunnensa ya zauna ya yi nazari, ya ga babu ƙarya a ciki, ya karɓa hannu biyu.

Kamfanin ƙarami ne, aikinsa manhajar sayar da tikitin jiragen ruwan da ke tsallakar da mutane da motoci zuwa tsibirai. A bango, sama da injin kofi, akwai fitila. Duk wanda ya taɓa manhajar, sai kwamfutar gwaji ta bi bayansa da kanta ta duba ko ya ɓata wani abu. In lafiya, fitila ta yi kore. In ya yi ɓarna ta yi ja, ran Juma'a kuma ya shigo da kek ɗin kuskure kowa ya ci. Ba a rubuta wannan doka a ko'ina ba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin karya ta. Vibeke, shugabar ofis, ta sha kawowa. Ebbe, mai tebur kusa da na Asger, ya kawo ya kawo har matar gidan burodin da ke ƙasa in ta hango shi take fara naɗe kwali.

Asger kaɗai ne bai taɓa kawowa ba, kuma a duniya babu abin da yake so kamar wannan suna. Yana ci dai, yanka biyu, yana yi wa mai kek bayanin inda ya kauce. Masu baƙin ciki suna cewa wai dalilin tsarkinsa shi ne ba ya taɓa manhajar, sai dai ya rubuta wa masu taɓawa ƙa'idoji. Wannan hassada ce tsagwaronta. Mutum mai irin wannan kai ai ba a ɓata shi da ƙananan ayyuka.

To akwai wata damuwa da ta daɗe tana cin ofishin. Gwaje-gwajen nan duk ta cikin shel suke bi, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kuma kowace kwamfuta da irin nata shel ɗin da halinsa. Abin da ya wuce lafiya a ta Ebbe sai ya faɗi a ta Vibeke. Fitila ta yi ja, mai laifi ya ɗaga kafaɗa ya ce ai a tasa kwamfutar yana aiki, a ɓata rabin safiya ana gardamar wa zai sayi kek. Ranar da Vibeke ta gaji ta ce wani ya ɗauki nauyin gyara abin, Asger bai ɗaga hannu ba. Miƙewa ya yi.

"Ku ba ku gano ciwon ba," in ji shi, yana zagaya tebur hannuwa a baya. "Kun bar shel yana cuɗanya da kwamfuta. Yau ya ari wannan, gobe ya ari wancan, kamar ɗan haya marar tukunya. Ni zan gina muku shel tafi-da-gidanka. Ka ɗauke shi ka dasa a kwamfutar ofis, ko ta gida, ko ta kakarka can garin Skagen, abu ɗaya zai yi. Ba zai gaisa da kowa ba, ba zai ari ko gishiri ba. Duk abin da ya tarar a kwamfuta zai rufe ido ya wuce."

"Kakata ta rasu, Asger," in ji Ebbe.

"To ka ga ko ita ba za ta iya ɓata shi ba."

Daga ranar ɗakin taro ya zama nasa. Ya manna takarda a ƙofa cewa ana tunani a ciki. Ya sayo wani madannin kwamfuta da babu harafi ko ɗaya a jikinsa, don mai wucewa ya san da wa yake zaune. In aka leƙa ta gilashi sai a gan shi ya jingina, ido a rufe, leɓe na motsi. Wasu suka ce barci ne. Waɗanda suka san darajar ilimi sun san ba kowane minshari ne na barci ba.

Ƙa'idar ofis ita ce ba a shigar da aikin mutum sai wani ya karanta ya amince. Wannan ƙa'ida Asger ne ya rubuta ta, amma bai taɓa zaton da shi take ba. Da aka matsa, ya tura wa Ebbe, tare da gargaɗi: "Ka bi a hankali, mutumina. In ka ji kanka na juyawa ka tsaya, kana da yara ƙanana." Ebbe ya buɗe, ya ga tsawon abin, ya duba agogo ya ga lokacin ɗauko yaran daga gidan reno ya kusa, ga keke babu iska sosai. Ya danna amincewa, ya rubuta "ya yi kyau", ya ɗauki hularsa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Gwajin da a da mutum zai kunna ya je ya haɗa kofi, ya yi hirar ƙwallo, ya dawo ya tarar bai gama ba, yanzu kafin ka ɗauke yatsa ya ƙare. Fitila kore. Aka gwada a kwamfutar Vibeke, kore. Ebbe ya gwada a tsohuwar da yaransa ke wasa da ita a gida, ya ce nan ma lafiya. Asger kuwa kujerarsa kawai ya juya ta fuskanci fitilar, yana shan kofi yana kallonta irin kallon da uba ke yi wa ɗa mai biyayya.

Mako ya bi mako fitila ba ta ko ƙifta ba. Juma'a ta zo ta wuce babu kek, wata ta zo ita ma haka. Mutane suka riƙa taruwa gaban injin kofi bisa sabo, su kalli tebur wayam, su watse. Ebbe ya fara ramewa a wuya. Matar gidan burodi ta tare shi a matakala ta tambaya cikin tausayi ko kamfanin ne ya karye. Ya ce a'a, kuskure ne ya ƙare. Ta dube shi ta ce ita mijinta ma haka yake cewa.

Gaskiya ne an ɗan sami ƙananan koke-koke daga waje. Wani malamin makaranta ya ce ya sayi tikitin keke an caje shi kuɗin babbar mota. Wani jirgi aka sayar wa motoci tikitinsa fiye da abin da cikinsa zai ɗauka, aka bar wasu a gaɓa suna kallon ruwa. Vibeke ta kawo maganar a taron safe. Ba-Ya-Kuskure bai ko juyo ba, ya nuna bango da cokalin kofi.

"Wane launi kike gani, Vibeke?"

"Kore."

"To mu mun fita. A tambayi teku."

Da abin ya ƙara shiga kansa, sai ya ga zalunci ne a bar irin wannan aiki mutum goma sha wani abu kaɗai su amfana. Ya shirya taron nuni ran Juma'a da hantsi, ya gayyato mutanen kamfanin jiragen, ya sa riga mai maɓalli har wuya. Kafin a fara ya ja Vibeke gefe ya nemi hukunci a gaban shaidu: kuskuren da mutum ya yi da gangan, don koyar da na baya, ba ya jawo kek. Ta ce ta yarda. Ya sa ta maimaita.

"Jama'a," ya fara, babban allo na bayansa, "yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba a ginin nan. Zan yi kuskure." Ya dakata don a yi dariya, aka ɗan yi. "Zan mai da kuɗin tikiti kyauta. Ku kalli fitila. Kafin ku haɗiye yawu shel ɗina zai cafke ni."

Ya gyara, ya danna. Kowa ya juya bango. Fitila kore.

Ya yi murmushi. Ya ce kuskuren ne ya yi ƙanƙanta, hannunsa bai saba ba. Ya sa manhajar ta riƙa sayar da tikitin jiya maimakon na gobe. Ya danna. Kore. Ya kwance maɓallin wuya. Ya goge sashen da ke lissafin motoci gaba ɗaya, ya danna da ƙarfi kamar madannin ne mai taurin kai. Kore. Ɗaya daga cikin baƙin, wata mata mai farin gashi, ta tambaya a hankali ko fitilar tana da wani launin ne ma. Ebbe ya ce tana da shi, shi ya fi kowa sani.

Nan zuciya ta ɗebi Babban Magini. Ya zaɓi manhajar duka, aikin shekara da shekaru, ya goge kwafin da ke gabansa tas, bai bar ko layi ɗaya ba. Ya danna. Gwaji ya ƙare da sauri fiye da kullum, fitila ta ci gaba da haskawa kore shar, lafiya lau.

Asger ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba tun yana ɗan makaranta. Tun farko shi ne ya hana shel ɗin yawan bayani, wai surutu na marasa tabbas ne. Yanzu da hannunsa ya buɗe masa baki, bayanin kuwa ya fito a babban allo kowa na karantawa. Shel ɗin ya ce ya duba bai ga gwaji ko ɗaya ba. Tun da bai ga gwaji ba, babu wanda ya faɗi. Tun da babu wanda ya faɗi, lafiya.

Ashe umarnin maigidansa ya bi sau da ƙafa. An ce ya rufe ido ga duk abin da ya tarar a kwamfuta, ya rufe. Cikin abin da ya rufe wa ido har da hanyar zuwa inda aka ajiye gwaje-gwajen. Tun ranar da aka dasa shi, shiga yake ɗaki wayam, ya waiwaya, ya fito ya ce ba a kama kowa da laifi ba.

Da wani ne, da sai ya zauna. Asger gyara tsayuwa ya yi. "Amma ku lura da abu ɗaya," ya ce. "A kowace kwamfuta haka yake yi. Babu bambanci ko kaɗan. Abin da na yi alkawari ke nan."

"Wannan gaskiya ne," in ji Vibeke, tana raka baƙi ƙofa.

Ran Litinin aka dawo da tsohon tsari. Fitila ta yi ja tun kafin a cire rigunan sanyi, ta kuma zauna a jan, domin ɓarnar makonni ce ta taru ta kowa da kowa. Sai tambaya ta taso: kek ɗin wa? Asger ya zo da hujja a shirye. Ya ce shel ɗinsa bai yi ƙarya ba, an tambaye shi ko wani gwaji ya faɗi, ya ce a'a, kuma haka ne. Ya ce kuskuren ran Juma'a na gangan ne, akwai shaidu. Ya ce in ana neman mai laifi a nemi wanda ya rubuta "ya yi kyau". Ebbe ya ce ya amsa nasa, zai kawo ɗaya, amma sauran Juma'o'in da aka yi da baki bushe fa, wa ya cinye su? Vibeke ba ta son yanke hukunci ita kaɗai, ta ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi har da na mai gyaran injin kofi da ya shigo aiki. Aka tsayar: duk Juma'ar da aka rasa, Asger zai rama ta, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya ƙaurace wa ƙuri'ar, ya ce a rubuta cewa ya ƙaurace.

Ya yi niyyar zuwa wani gidan burodi can ƙarshen gari inda ba a san fuskarsa ba, amma Juma'ar ta waye da ruwa da iska mai ture keke. Dole ya shiga na ƙasa, ya ja hula har gira. Matar ta riga ta naɗe kwali ta ajiye a kan kanta.

"Kai ne Ba-Ya-Kuskure?" ta ce. "Ebbe ya ce in riƙa ajiye maka babba."

Ya hau matakala da kwalin a hannu biyu, kunya na cin sa har kunnuwa. Amma kafin ya kai hawa na uku ya samo yadda zai faɗa. Ya tarar ofis duka an taru gaban injin kofi, kowa da faranti. Ya ajiye kwalin, ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya yi gyaran murya.

"Kada wani ya fahimci wannan a karkace. Wannan na murnar kammala kashi na farko ne. Abin da muka koya game da iyakokin tsarin gwaji, ni da ku, musamman ku, ya isa a yi..."

Ebbe ya zare hannun daga kan murfin a hankali, kamar mai ɗauke wa yaro wuƙa.

"Yi haƙuri, Babban Magini. Wancan shel ɗin ma daga waje kyau gare shi."

Ya ɗaga murfin, ya leƙa ciki, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juyo ga jama'a.

"Akwai," ya ce. "Wannan karon akwai wani abu a ciki."