Gyaran Injiniya Na-Riga-Na-Sani

Jama'a, ku matso ku ji labarin gwani. A kamfaninsu na masu haɗa manhaja ba a taɓa yin kamarsa ba, shi da kansa ya shaida haka. Na-Riga-Na-Sani suke ce masa, don ko gaisuwa ba ya bari ka ƙarasa.

To, sai ga matsala a can cikin cibiyar tsarin kwamfuta. Ita kwamfuta yanka ƙwaƙwalwarta take yi gunduwa-gunduwa, ana ce musu shafuka, ta riƙa ara wa manhajoji. Wani lokaci sai a dawo mata da shafi ta manta ba ta cire shi daga lissafin aro ba, ta yi ta kukan ta cika alhali da sauran wuri. Aka ce wanda ya gyara, kujerar mataimakin darakta tasa ce.

Gogan naku ya kulle ofis, ya hana kowa tari. Da yake shi ba ya aiki rabi-rabi, sai ya sa duk shafin da ya dawo a cire shi sau biyu. Kuka ya ɗauke ɗif. Kwamfuta ta koma ganin kanta attajira, kowa ya zo ta ba shi.

Abokan aiki suka ce, "Oga, a gwada tukuna?"

Ya ce, "Ni ne gwajin."

Ranar nuni ya sha kwat, turare har bakin matakala. Ya tsaya gaban hukumar gudanarwa yana kaɗa yatsa.

"Ranku ya daɗe, kwamfuta ta fi mutane adalci. In wuri ya ƙare mata da gaske, sai ta duba wanda ya fi cin wuri ta fatattake shi. Da haka ake yi wa ma'aikata, da kamfanin nan ya huta."

Sannan ya danna kwamfuta ta haska jawabinsa a bango. Shafin farko hotonsa ne, katafare, wanda ya hana a rage ko gashin baki ɗaya. Kwamfuta ta yi ta ba hoton shafukan ƙwaƙwalwar da take zaton tana da su. Hula ta fito a bango, goshi ya biyo. Daidai gira, wuri ya ƙare da gaske.

Kwamfuta baiwar Allah ta duba wanda ya fi cin wuri, ta fatattaki hoton oga. Bango ya yi fari tas.

Shugabar hukumar ta zare tabarau a hankali. Ta ce, "Injiniya, gyaran dai bai yi ba. Amma shawarar taka mun karɓa."