Rasuwar Margery, Piyanon Malama Doris Vandermeer

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, Malama Doris Vandermeer ta unguwar Van Nuys tana sanar da ɗalibanta da maƙwabtanta rasuwar piyanonta, Margery, wadda aka kashe ranar Talata da sassafe a bakin tafkin ninƙaya na wani gidan haya, tana da shekara sittin da ɗaya a duniya.

Malama ta daɗe tana kallon kalmar "kashe" kafin ta bar ta. Shekara talatin da huɗu tana koyarwa ba ta taɓa ɗaga wa ɗalibi murya ba. Ta fara rubuta "bayan gajeruwar rashin lafiya", ta ga ƙarya ce, ta soke.

Marigayiyar ta zo garin nan daga jihar Iowa a bayan motar kaya, tare da mahaifiyar Malama. Mai haƙuri ce. Ta jure yatsu masu maiƙo da yatsu masu rawa, ta jure girgizar ƙasa ba ta ko gusa daga bango ba. Waɗanda suka san ta za su tuna maɓallinta na can ƙarshen hagu, mai cewa "dummm" kamar dattijo zai yi gyaran murya, da abin takawarta mai ƙara "ƙiii" duk lokacin da ɗalibi ya yi gaggawa. Ba ta taɓa ɓoye kuskuren kowa ba, ba ta kuma taɓa yi wa kowa dariya ba.

Ranar Asabar mai zuwa ce aka sa taron ɗalibai na shekara. A ranar ne Horace Tibbets, tsohon direban bas mai shekara saba'in da uku, ya yi niyyar kaɗa wa matarsa Ruby waƙa ɗaya tak da ya shafe shekara uku yana koya. Likitoci ba su yi wa Ruby alkawarin taron baɗi ba. Horace bai iya karanta takardar kiɗa ba. Da jikin Margery ya haddace waƙar: ya fara daga maɓallin da ya tsage, ya tsallaka zuwa wanda ya yi rawaya, ya huta a kan mai tabon ƙuna. An kai shi gaban piyanon coci ranar Laraba, ya zauna yana lalube kamar wanda aka sauke a garin da bai sani ba.

Ga yadda ajalin ya zo. Makon jiya Randy Lubeck, wanda Malama ta koyar shekara shida yana ƙarami, yanzu kuma yana kiran kansa darakta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da furanni a hannu.

"Malama, fim nake yi a kan wata malamar piyano," in ji shi. "Na rantse ke na tuna. Barkwanci ne kawai. Ki ara mini Margery kwana biyu, ko ƙura ba za ta taɓa ta ba."

Har labarin fim ɗin ya ba ta a rubuce. Malama ta karanta shi tas, ta gyara masa kurakuran rubutu da jan biro, ta yaba masa. Ba ta san mutanen wannan sana'a suna rubuta labari kashi biyu ba: ɗaya na nuna wa masu gida da masu ba da aron kaya, ɗaya kuma na ɗauka. Sunan na biyun *Malama Ta Cire Tabarau*, kuma an tabbatar wa Malama cewa ba a tabarau aka tsaya ba.

Ranar Talata ta gasa biskit ta kai wa ma'aikatan. Ta iske Margery a tsakar rana, fitilu uku sun kewaye ta, an lulluɓe ta da kumfar aski, don kirim na gaske narkewa yake yi da zafin fitila. A samanta wata mata tana kishingiɗe, sanye da tabarau irin na Malama da ɗan abin da bai kai a kira shi tufafi ba. Malama tana so a sani ba ta riƙe wannan mata da komai ba. Sunanta Tawny, karatun jinya take yi, ita kaɗai ce ta sauko ta gaishe ta.

"Yi haƙuri, Mama," ta ce tana karkaɗe kumfa daga kunne. "Ni ma ce mini aka yi akwai wurin da zan yi magana."

Malama ta cire rigar sanyinta ta yafa wa Tawny. Kumfa dai ana gogewa. Sai ta miƙa yatsa ta danna maɓallin hagu don ta ji gyaran muryar da ta saba ji. Maɓallin ya nutse, babu ko numfashi. Ta ɗaga murfin, ta ga ciki wayam. An zare duk ƴan gudumomin da ke bugun wayoyinta su ba da sauti, an datse wayoyin da almakashin ƙarfe, an zuba su a bola, motar shara kuma ta riga ta wuce tun safe.

"Haka ake yi a harkar, Malama," in ji Randy. "Ba a barin piyano ta yi ƙara wurin ɗauka, tana ɓata maganar ƴan wasa. Daga baya ake ɗora kiɗan. Ga shi ta fi sauƙin ɗagawa."

"Maganar wa, Randy? Minti goma ina tsaye, ban ji wanda ya haɗa kalma biyu ba."

"Amma ki duba yadda ta yi kyau a hoto."

"Kai ma kana kyau a hoto, ɗana," Malama ta ce masa a hankali. "Shekara shida abu ɗaya na roƙe ka, ka saurara."

Ta ajiye musu biskit ɗin, don ba su ci komai ba tun safe, ta juya.

Mai gyaran piyano ya duba gawar ranar Alhamis, ya cire hularsa. Marigayiyar ta rasu ta bar bencinta mai gurguwar ƙafa, da ƴar na'urar ƙidayar bugun kiɗa da har yanzu take "tak, tak" ba ta san an yi rashi ba, da ɗalibai goma sha ɗaya, da Horace. Fim ɗin ba ya cikin magada. Duk wanda ya ga kaset ɗinsa a shagon haya, Malama tana roƙonsa ya wuce kamar bai san mamaciyar ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe biyu a falon Malama, a lokacin da aka sa taron tun farko. Randy da mutanensa huɗu ne za su ɗauko gawar, tun da sun ce ta yi sauƙin ɗagawa. Su goge ƙafa a bakin ƙofa. Ba a son furanni, ba a son kyamara.

Za a bar murfin a buɗe, kowa ya ga abin da aka yi. Horace zai zauna a bencinta ya fara daga maɓallin da ya tsage, kamar kullum. Malama za ta tsaya a gefensa, duk maɓallin da ya danna ta rera sautinsa da bakinta, har wurare biyun da kullum yake kuskure, don Margery ba za ta ɓoye su ba. Muryar Malama ta tsufa, tana rawa, amma Ruby ta ce za ta zo.

An ware wa Randy kujera a sahun gaba, kusa da Ruby. Zai zauna daga farko har ƙarshe, hannu a kan gwiwa, ya saurara. Wannan karon babu kiɗan da za a ɗora daga baya.