Uba da Ɗa, Hannu a Dunƙule

Ka taɓa haɗa abin da kake so ya sa mutane hawaye, ka miƙa musu, su kwashe da dariya?

Ni dai ya faru da ni. Labarin hotuna nake sakawa a intanet. Ban iya zane ba, don haka sai na shiga wani tsohon wasan bidiyo na dambe, na yanko 'yan mutanen cikinsa ɗaya bayan ɗaya, na jera su a akwatuna, na sa musu magana a baki. Shafi ashirin da huɗu, kowane shafi akwati shida. Labarin wani saurayi ne da ya dawo gida bayan sun ɓata da mahaifinsa. Tsokaci goma sha tara na samu: sha takwas fuskar dariya ce zalla, na ƙarshen kuma mai tallan takalma ne. Sai na yanke shawara. Mutum ɗaya ta rage in nuna wa: Kakata. In ita ma dariya ta yi mini, in goge shi gaba ɗaya in huta.

Ranar da aka aike ni karɓo wa Kaka sabon tabarau daga wurin likitan ido, sai na rataya kwamfutata. Na same ta a falo, kan kujerarta ta gefen taga, ƙafa a kan matashi, rediyo yana ta surutu shi kaɗai.

"Lafiya lau, mijin aro," in ji ta. "Sai yau ka tuna kana da mata?"

"Mata ko kayan tarihi? Ga tabarau ɗinki, tsohuwa. Likita ya ce in wannan bai yi ba, sai dai a ɗaura miki na hangen taurari."

Ta saka, ta dube ni sama da ƙasa.

"Innalillahi. Mayar masa da abinsa."

"Me ya faru?"

"Ashe haka kake? Da can a dishi-dishi har kyau kake yi mini."

"Ke ma kada ki kuskura ki je gaban madubi da shi, ba ni da ƙarfin ɗaukar sumamme. Zo mu gwada idon. Karanta wannan."

Na ɗora mata kwamfutar a cinya. Ta matso da fuska, ta ja baya, ta sake matsowa.

"Waɗannan fa? Wa ya tauna su ya tofar? Kowa kai kamar an gina shi da bulo."

"Salon ke nan. Ɗigo-ɗigo ake yin su. Daga wasan bidiyo na ɗebo su."

"Sata dai."

"Aro."

"Aron da mai kaya bai sani ba, a zamaninmu wani suna gare shi. To, wannan mai ɗaurin kai, ba riga, ya tanƙwashe gwiwa, wane ne?"

"Uban ke nan."

"Uba ba riga? Me yake cewa... 'Ka dawo? Ka ci abinci?'" Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Mai gida, wannan abinci zai ba shi ko haƙori zai cire masa? Dubi hannunsa! Shi ma ɗan ya dunƙule nasa, wai 'Na yi kewarka, Baba.'"

Ta fashe da dariya. Dariya ta ɗaya ke nan, na ce a raina.

"A wasan haka suke tsayuwa," na ce. "'Yan dambe ne. Babu wanda yake sauke hannu."

"Wannan kuma da ta shigo ta sama, ƙafa a miƙe?"

"Uwarsa ce. Shayi ta kawo."

"Da ƙafa?"

"Ba ta da hoton tafiya. Tsalle kawai take da shi."

Nan fa Kaka ta riƙe ciki. Sai da na kashe rediyo na miƙa mata ruwa. Kafin shafi na goma na ƙirga dariya goma sha ɗaya, ban da tari. Na kai hannu zan rufe kwamfutar, ta make ni.

"Kai! Ana cin abinci kana janye kwano?"

"Ai kin ƙoshi. Dariyar da kika yi ta isa."

"Zauna, sarkin gaggawa. Kai ko haihuwarka ba ka jira ungozoma ta wanke hannu ba."

Ta ci gaba da karatu, yatsa a kan layi. Dariyar ta fara raguwa. A shafi na sha tara, inda uban yake cewa, "Ɗakinka na nan yadda ka bar shi, ban bari kowa ya taɓa ba," har yanzu hannu a dunƙule a gaban fuska, sai yatsanta ya tsaya a kan layin. Ta cire tabarau, ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

"Likitan banza," in ji ta. "Gilashinsa yoyo yake yi."

Ta kai shafi na ƙarshe, ta danna, ta sake dannawa.

"Ina sauran?"

"Babu. Goge shi ma zan yi. Duk wanda ya karanta dariya yake mini."

"Dariya yake maka, ko dariya yake yi?"

"Duk ɗaya ne."

"A kan mai ƙaramin kai, ɗaya ne. Kai da kake ƙirga har ƙwayar shinkafa a faranti, faɗa mini: mutum nawa suka buɗe shafin farko?"

"Sittin da uku."

"Nawa suka kai na ƙarshe?"

Wallahi lambobin nan biyu na san su kamar sunana, amma ban taɓa ajiye su kusa da juna ba. Fuskokin dariyar kawai nake ta lissafawa. Na ce, "Hamsin da takwas."

"To, malamin lissafi. Ka taɓa ganin wanda ya raina ka ya bi ka har ƙofar gida? Mai ba'a shafi ɗaya yake leƙawa ya wuce. Waɗannan biyo ka suka yi."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Amma ba a nuna wa Kaka haka, sai ta hau kanka.

"Biyar ɗin da suka gudu fa?"

"Sun ga hotonka ne."

"To zan gyara. Zan nemo wani wasan da mutanensa suke sauke hannu, in sake duka akwati ɗari da arba'in da huɗu."

"Taɓa su ka ga aiki! Hannun nan shi ne labarin, sakarai. Kai da ka tsinci dami a kala ba ka ma san ka tsinta ba. Haka kakanka da ubanka suke. Ubanka zai zo gaishe shi, su zauna a falon nan, kowa ya ɗaure fuska. 'Ka ci abinci?' kamar mai neman rigima. 'Na ci.' Shi ke nan hira ta ƙare. Yana fita kuma tsohon zai tsaya a taga har motar ta sha kwana. Suna son juna kamar me, amma kowa hannu a dunƙule."

"Ke kuma fa?"

"Ni ce mai shigowa da ƙafa a sama."

Wannan karon ni na yi dariyar.

"Ka bar su a dunƙule," ta ce, "har akwatin ƙarshe. A nan ne uban zai buɗe hannu. Sau ɗaya tak."

"Babu wannan hoton. Hoto talatin da takwas yake da su: naushi, tsalle, kariya, faɗuwa. Babu buɗaɗɗen hannu ko ɗaya."

"To kai ma naka a dunƙule yake? Ka zana mana."

"Ban iya zane ba."

"Ba ka ce ɗigo-ɗigo ne ba? Ɗigo nawa ne hannun?"

Na ƙara girman hoton na ƙirga. "Arba'in da biyu."

"Ɗigo arba'in da biyu ya gagare ka, kuma kake yawo kana cewa kai mijina ne? Kawo takardata."

"Wa zai kwashe ki, da gwiwa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Ke dai ki amsa labarin ya kama ki."

"Tabarau nake gwadawa."

"Kin yi hawaye."

"Likita ne."

"To shi ke nan, tunda bai kama kowa ba." Na ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa.

Ta cafke wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ja'iri! Na amsa. Ya kama ni. In ka bar tsohon nan da hannu a sama, ban yafe ba."

Tana dariya ta laluba ƙarƙashin matashi, ta ciro wani tsohon gilashin ƙara girman rubutu mai mariƙi, wanda take duba takardar magani da shi.

"Ungo. Ka ƙirga ɗigonka da kyau."

"Kaka, a kwamfuta da yatsa biyu ake ƙara girma."

"Karɓi, kyautar mata ba a mayar da ita. Kuma ni zan fara gani kafin 'yan dariyar nan naka."

Na karɓa. Hannun ya ci mini gwaji tara kafin ya daina kama da cokali mai yatsu, amma ya buɗe.

Kai ma in akwai abin da ka ƙera, yatsanka na kan maɓallin gogewa, dakata. Ɗauki abin ka kai wa wanda ya fi kowa iya zolayarka, ka zauna ka sha zagin har ƙarshe. Gwada ka gani ko zai yarda ka rufe.